Rasuwar Goggo Ja, Injin Shukar Malam Bamanga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in za a faɗi gaskiya fiye da rabinsa haushi ne, Malam Bamanga ɗan Bubayero, mazaunin Tudun Wada a nan cikin Gombe, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna yi masa dariya a bayan ido, rasuwar injinsa na shuka mai layi biyu, irin wanda shanu ke ja, wanda manoma ke kira filanta, shi kuma yake kira Goggo Ja. Ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a ƙofar shagon Uchenna mai walda, bayan doguwar jinya da gajeren amfani. Iyali sun ce ajali ne. Wasu da ke wurin sun ce sun ga guduma a hannun Malam, amma wannan ba maganar da za a tsawaita a takardar rasuwa ba ce.

Marigayiya ta haura shekara talatin da biyar a duniya. Ta shigo ƙasar Gombe zamanin da malaman gona ke yawo ƙauye-ƙauye suna koya wa mutane shuka a layi, tana sanye da jan fenti mai ɗaukar ido. Marigayi Bubayero, mahaifin Malam, makiyayi ne da ya gaji da bin hanyar kudu ya zauna ya kama noma. Gani ɗaya ya yi mata ya ba da bijimi a kanta, bijimin da har yau in aka tuna shi a dangi sai an ɗan yi shiru. Shi ya raɗa mata suna. Ja saboda fentin, wanda ya daɗe da tafiya amma tsatsa ta riƙe masa gurbi. Goggo kuwa saboda halinta, don kowa ya san irin goggon nan da ke zuwa kwana biyu ta yi shekara ashirin, ba ta ɗaga ko tsinke a gida, amma in ba a gaishe ta da safe ba, ranar kowa sai ya ji a jikinsa.

An hore mu da ambaton alherin wanda ya tafi, Malam kuma ya zauna ya yi iya ƙoƙarinsa. Abu na farko da ya samo shi ne marigayiya mai kiyaye lokaci ce. Ba a taɓa jin ta lalace da rani ba. Takan yi wata goma sha ɗaya a ƙarƙashin zana lafiya ƙalau, ba tari ba atishawa. Sai ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu, maƙwabta suka fita da sungumi, sannan sarƙarta za ta tuna tana da uzuri, ta zame ta faɗi. A mayar da ita, noti ya kwance. A ɗaure noti, bututu ya toshe da gidan zanzaro. Shekara da shekaru, masu shuka da dunduniya sun gama sun koma gida sun sha fura, Malam yana durƙushe a bakin gona da sifana a baki, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shukar zamani sai da haƙuri.

Tana kuma da murya, wannan ba za a ƙwace mata ba. In tana cikin hayyacinta, shanu na ja, tayarta na juya sarƙa, sarƙa na juya farantai biyu masu huji da ke ƙasan mazuban iri, sai ka ji kwas, kwas, tik, kwas, kwas, tik. Wannan tik ɗin ƙwaya ce ta faɗa bututu ta nufi ƙasa. Da shi Malam ya girma, yana bin bayan mahaifinsa a gona, kuma saboda shi ya yafe mata abin da bai yafe wa ɗan Adam ba. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma Malam ya sha igiyar.

Sai kuma kyauta. Marigayiya ba ta iya riƙe abu ba. A gefen mazubinta na hagu akwai wata ƙaramar huda da ke zubar da iri duk inda aka bi da ita, kaji na biye da ita suna sa mata albarka. Malam ya tsani hudar nan fiye da yadda ya tsani ƙaiƙayi. Ya toshe ta da tsumma, ya liƙe ta da ƙaro, ya narka mata roba, ya zage ta da Hausa ya zage ta da Fulatanci. Ba ta taɓa jin magana ba.

Game da tarihin lafiyarta, wajibi ne a faɗi cewa ba a taɓa barin ta ba magani ba. Gidan Bubayero gidan shanu ne, abin da suka sani game da ciwo a jikin saniya suka koye shi, don haka yadda ake jinyar saniya haka aka yi jinyar Goggo. In sarƙa ta yi tauri, a shafa mata man shanu, tururuwa su yi biki, ƙura ta zo ta kwanta a kan man ta zama laka. In ta yi kasala, a wanke mata ciki da ruwan kanwa, tunda kanwa ke buɗe wa dabba ciki. Masu sani sun ce kanwar nan ce ta ci ƙarfen har ta haifi hudar da aka ambata a sama, amma Malam bai taɓa yarda ba, cewa yake halinta ne kawai. In ta yi wani kuka da bai gane ba, sai ya kara kunne a jikin mazubi ya yi shiru yana saurare, yana gyaɗa kai, yadda mahaifinsa ke yi wa saniya mai ciki.

Haka ake tafiya har shekarar da tashin hankalin nan ya matso daga gabas. Ƙauyensu yana can arewa da Bajoga, ba sai an ambaci sunansa ba tunda yanzu babu mai amsa sallama a cikinsa. Wata safiya ana dab da girbi labari ya zo cewa 'yan bindigar sun kwana a garin da ke gaba, kuma mota ɗaya ce za ta ɗebi gida shida. Shanu dama an riga an kora su daji, daga ranar ba a ƙara ganin ko ƙahonsu ba. Direba ya ce kowane gida kaya ɗaya babba. Zulaihatu, matar Malam, ta dubi gadonta na ƙarfe, ta dubi turminta, ta dubi buhunan gero biyu da ke rumbu. Malam ya kira maza huɗu suka ɗaga Goggo Ja. A nan ne marigayiya ta nuna girman matsayinta a gidan, domin ta shiga Gombe a zaune a kan mota, mai gida da matarsa suna tsaye suna riƙe da ita kada ta faɗi.

Abin da Zulaihatu ta yi a ranar shi ne, ana ta ihun a hau a hau, ta koma madafi da gudu ta tsinko zangarniyoyin dawa da ke rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke tsare su daga ƙwari, ta ƙulle su a zane ta goya kamar ɗa. Wannan ita ce dawar Bubayero. Ja ce, gajeriya, mai nuna da wuri, tsuntsu ba ya son ta, tuwonta yana kwana bai saki ba. Tsohon ya samo ta ne tun yana yawon kiwo, shekara arba'in yana zaɓen kawunanta ɗaya bayan ɗaya kafin girbi, har ta zama tasa, ba a samun ta a kasuwar Gombe ko ta Kumo ko ta ko'ina. Wadda ke gona an bar ta tsaye, Allah kaɗai ya san wanda ya ci. Da aka sussuke ta zanen Zulaihatu, tiya uku ta ba da. Shanun Bubayero sun tafi, gidansa ya tafi, kabarinsa ma ba a iya zuwa. Tiya ukun nan su ne abin da ya rage na tsohon a bayan ƙasa, kuma Malam ya san haka, don ko a watannin da aka sha kunu ba sukari a Tudun Wada bai bari an taɓa ƙwaya ɗaya ba.

A Tudun Wada, Abdulmumini, wan Zulaihatu, ya ba su ɗaki ɗaya. Goggo ta samu zaure ita kaɗai, duk mai shiga gidan sai ya karkace, da yawa kuma sun bar mata fatar ƙwauri. Da bazara ta ƙarato, a shekarar nan da aka ɗage zaɓe, Abdulmumini ya ara wa Malam wata 'yar gona can bayan Pantami, ya kuma yi alkawarin shanun huɗarsa guda biyu da amalanke, amma na yini ɗaya tak, don shi ma yana da tasa gonar. Yini ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya. Mai hankali da sai ya ɗauki sungumi, matarsa ta bi shi da ƙwarya, su gama a kwana biyu. Zulaihatu ta faɗi haka sau ɗaya, a hankali, tana kallon ƙasa. Malam ya ce tun zuwan Goggo, dawar Bubayero ba ta taɓa shiga ƙasa ta hannun kowa ba sai ta bakinta, ba kuma a kansa za a fara ba.

Daga nan ciwon ajali ya kama. Da Malam ya juya tayar da hannu don gwaji, sai ya ji ta cije. Tafiyar mota ta lanƙwasa sandar ƙarfen da ke juya farantan biyu. Ya tura ta zuwa shagon Uchenna, wanda aka haifa a Gombe, mahaifinsa ma a nan ya yi walda, kuma a watannin nan ya ga 'yan uwansa da yawa sun kwashe sun koma gida shi ya ƙi tafiya. Uchenna ya kwance ta, ya duba, ya ce abin ba wuya. A bar masa ita kwana uku ya samo wata sanda miƙaƙƙiya a wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ya nuna wa Malam wasu siraran zobba da ke ƙarƙashin kowane faranti, ya ce su ne ke sa faranti ya zauna daidai, in aka taɓa su iri zai riƙa shiga ƙarƙashi. Ya kuma ce, ko wa ya gyara ta, kafin a kai ta gona a ɗaga tayar, a shimfiɗa tabarma, a zuba iri cikin hannu ɗaya a juya a gani ko yana faɗowa lafiya.

Malam ya saurara da irin sauraron da babba ke yi wa yaro mai ba da labarin mafarki. Kwana uku, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma? Ya ce shi ya san ciwon. Saniya in gaɓarta ta sage, lalas ake yi mata, a gasa ƙarfe a ɗora a wurin, jijiya ta saki. Ya nemi Uchenna ya ara masa wuta.

«Baba,» in ji Uchenna, «ƙarfe ba saniya ba ne. In ka sa mata wuta a nan, za ta miƙe a ido, ta karkace a ciki.»

Malam ya yi masa godiya, ya turo Goggo gida. Ya hura gawayi a tsakar gida, ya gasa sandar har ta yi ja, ya ɗora ta a kan dutse ya bi ta da taɓarya, ya tsoma ta a ruwa ta yi tsuwwa, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Wajen mayarwa, siraran zobban nan suka ƙi zama, ya tattara su ya ce tarkacen Turawa ne, ya watsa su a kwata. Ya ɗaure notuna tam, ɗaurin da ake yi wa maraƙi mai gardama. Ya juya taya, ta juya. Ya kalli katanga, masu leƙe suka sauka.

Gwajin tabarma kuwa, ko kusa. A gidan Bubayero akwai ƙa'ida biyu game da iri, kuma Malam ya riƙe su kamar farilla. Ta farko, iri ba ya ganin idon baƙo, kuma daga ƙwarya ba ya sauka ko'ina sai ƙasar da zai tsira. Ta biyu, in an rufe shi ba a tone shi, don tonon abin da aka binne rashin yarda da Allah ne. Tsohon ya kafa su ne saboda baki da kuma saboda yara masu tone rami su ga ko ya tsiro. Bai kafa su don injin da aka yi wa lalas ba, amma ba ya nan balle a tambaye shi.

Ruwa ya sauka ranar wata Lahadi, mai yawa, irin wanda ke kai danshi har gwiwar hannu. Litinin da sassafe Malam ya juye tiya ukun nan a mazuban Goggo tun a zaure, ya rufe murafen ya ɗaure su da igiya, ya cusa sabon tsumma a hudar, ya lulluɓe ta duka da tamfol a kan amalanke. Dabararsa ita ce a shingen bincike da ke bayan Pantami ana buɗe kowace jaka a tura hannu a ciki, shi kuwa ba zai bari hannun wani ya shiga irin mahaifinsa ba.

Bai yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai tsaron shinge ba. Ga dattijo, ga amalanke, ga wani abu a lulluɓe, bututu biyu na ƙarfe sun leƙo ta ƙasa, a garin da bai daɗe da kwashe gawawwaki a tashar mota ba. Kafin Malam ya gama sallama, masu babura sun zubar da su sun watse, mai sayar da rake ta bar tirenta, bindigogi uku suna kallonsa, shi kuma hannuwansa suna sama yana rantsuwa cewa Goggo ce. Wannan bayanin bai taimaka ba. Wani kofur mai suna Jesse, ɗan manoma daga wajen Kaltungo, shi ne ya matso ya ɗaga tamfol da bakin bindiga, ya tsaya, ya kwashe da dariya, ya ce babansa ma yana da irinta kuma ita ma ba ta aiki. Duk da haka sai da aka sauke ta a gefen buhunan yashi, aka karkata ta, aka girgiza ta, aka jira babbansu ya zo ya gani. Wajen girgizar nan, tsumman da ke hudar ya fice. Malam yana tsaye yana kallon jajayen ƙwayoyi na zuba a laka ɗaya bayan ɗaya, ba halin ya sunkuya. Da aka sallame shi rana ta take tsaka, ya maida tsumman yana gaya wa marigayiya maganganun da ba za a rubuta a nan ba.

Ya isa gona a makare, ga shanu dole su koma kafin la'asar sakaliya a rufe hanya. Ya ɗaura, ya yi bisimilla, ya kaɗa. Ranar nan Goggo Ja ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta: ta yi tafiya daga farkon gona zuwa ƙarshenta ba ta tsaya ba. Sarƙa ba ta faɗi ba. Noti bai kwance ba. Sai dai muryarta ta canza. Babu kwas, babu tik. Gurr, gurr, gurr take yi, a hankali, daga can cikin ciki. Zulaihatu, da ta biyo shi da ruwan sha, ta tsaya a bakin kunya ta karkata kai, don duk macen da ta taɓa durƙusawa a gaban dutsen niƙa ta san wannan sautin. Ta ce ko za a ɗan tone a duba. Malam ya ce ba a tone iri. Ya ce ita ba ta san dabba ba, wannan tuƙa ce, kuma saniyar da ke tuƙa lafiyarta ƙalau. Iri yana raguwa a mazubi, ƙasa tana rufewa a baya, layi ya miƙe kamar an ja da zare. Ya koma gida ranar yana jin kansa kamar ya dawo da ƙauyen gaba ɗaya, har ya shafa wa Goggo man shanu kafin ya ci abinci.

Kwana biyar, gonakin maƙwabta suka fara kore. Malam ya ce dawar Bubayero ba ta da gaggawa. Kwana bakwai, ya ce an zurfafa ne. A duk faɗin gonar tsiro uku suka leƙo, suka yi rawaya, suka kwanta. Ranar kwana na goma ya tafi da Zulaihatu, ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa ya karya ƙa'idar mahaifinsa da yatsunsa. Abin da ya samu a ramin farko tsaki ne, ja-ja, ya yi funfuna, tururuwa na jan sauran. Rami na biyu haka. Ya bi layin yana tonawa da hannu biyu har farcensa ya fashe, layi na biyu, layi na uku, bai samu ƙwaya ɗaya cikakkiya ba. Faranti ya riƙa ɗagawa ta gefe ɗaya iri ya shiga ƙarƙashi, ya danne ta ɗaya gefen ya murƙushe. Shekara arba'in na zaɓen Bubayero, Goggo ta niƙe shi a yini ɗaya, ta binne, ta kuma daddale ƙasa a kai da kyau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Zulaihatu ta tsuguna ta ɗebi tsakin a tafin hannu, ta kalle shi.

«Da na san tuwo za a yi wa ƙasa, Malam,» ta ce, «da na bar mu mun ci a watan da muka kwana da yunwa.»

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Shi ne ya yi, a zaune a tsakiyar gonar aro, kukan da bai yi ba ranar da aka kora shanu, bai kuma yi ba ranar da ya juya ya ga ƙauyen yana ƙanƙancewa a bayan mota.

Ya yi kwana shida ba ya kallon gefen da take in zai wuce zaure. Ranar Talata ya tura ta shagon Uchenna. Uchenna ya kwance farantan, ya kankaro garin da ya daskare a ƙarƙashinsu da bakin sukundireba, ya nuna masa, bai ce ai na faɗa ba, wanda hakan ya fi zafi. Ya ce har yanzu tana gyaruwa, in an samo sanda da zobba. Malam ya tambaye shi me za ta shuka in ta gyaru. A nan ne aka ce an ga gudumar. Kalmar marigayiya ta ƙarshe, bisa shaidar waɗanda ke wurin, ita ce ƙwal, sau huɗu, sannan tayarta ta gangara ita kaɗai ta faɗa kwata.

Marigayiya ta rasu ta bar sarƙa ɗaya mai haɗi goma sha uku, babu biyu da suka fito gida ɗaya. Ta bar farantai biyu da ya kamata a ce gidan niƙa aka kai su tun farko. Ta bar tabo a ƙwaurin kusan duk wanda ya taɓa shiga gidan Abdulmumini. Ta bar Zulaihatu, wadda har yau a tabarma take kwana. Ta bar Malam Bamanga, wanda ya so a rubuta a nan cewa laifin duka nata ne, aka rubuta, ya sa aka karanta masa, sannan ya ce a ƙara cewa ba ita ta hura gawayin ba.

Akwai kuma waɗansu magada da ba a san da su ba sai washegarin rasuwarta. Ranar Laraba Malam ya bi ta shingen bayan Pantami zai je ya gaya wa masu maƙwabtaka da gonar cewa Abdulmumini zai zo ya sa wake. Ya bi wurin ya fi sau ashirin tun ranar shuka, amma mai wucewa hannu sama ba ya kallon ƙasa. Kofur Jesse ya kira shi. Malam ya matso yana jiran wata sabuwar fitina. Kofur ya nuna masa gindin buhunan yashi, inda aka jera gwangwanaye da duwatsu aka yi ɗan da'ira.

«Baba, ga 'ya'yan injinka,» ya ce. «Na hana a taka. Wannan ba irin dawar nan garin ba ce, ko?»

Tsiron dawa ne, guda ashirin da uku. Sun kai tsawon tafin hannu, gindinsu ja. Abin da Goggo ta shuka da niyya ta kashe shi, abin da ta zubar ta hudar da Malam ya shekara ashirin yana zagi shi ne ya tsira. Malam ya ƙirga su sau uku. Ba zai ce ya yafe mata ba, don bai yafe ba. Amma ya koma shagon Uchenna a ranar, ya tono mazubin hagu daga cikin tarkace, wanda ke da hudar, ya kai shi gida ya ajiye a ɗaki.

Game da jana'iza, liman ya riga ya yi bayani cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyali ba su nema ba. Za a yi sutura ranar Asabar da safe a shagon Uchenna, inda za a yanka abin da ya rage na marigayiya a ƙera sungumi biyu, ɗaya na Malam, ɗaya na ajiya, don ta yi a mace aikin da ta ƙi yi a raye. Sauran za a ba masu jari bola, in sun karɓa. Ba za a yi zaman makoki a gida ba, zaure ya sha wahala ya isa haka.

Mai son yin ta'aziyya ya sami Malam a bakin shingen bayan Pantami, daga fitowar rana zuwa la'asar, kullum, daga yanzu har dawa ta nuna. An ba shi izinin zama a kan wani dutse, taku biyar daga buhunan yashi, da 'yar sandarsa ta kiwo, wadda ba ta da sauran abin kiwo sai wannan. A zo a ƙafa, hannu sama, ba jaka ba leda. A yi gaisuwa daga nesa, kada a tsaya ana yaba tsiron, ƙa'idar Bubayero ta farko tana nan. Wanda ya san yana da akuya a unguwar, ya ɗaure abarsa, don Malam ya ce ran akuyar da na mai ita ɗaya ne a wurinsa. In Allah ya kai mu kaka, Zulaihatu ce za ta yanke kawunan, ita za ta rataye su a saman murhu, ita kuma za ta faɗi yadda za a shuka su baɗi. Malam ya ce zai bi ta da ƙwarya.